Kurciyar da Kaka Ta Cire

Aikina tsara darasi ne. Wasu ke shiga aji su koyar, ni kuwa ina zaune a biro, wato ofis, ina shirya musu abin da za su fara da shi, abin da zai biyo baya, da yadda za su gane ko karatun ya shiga. Idan aka tambaye ni inda na koyi aikin, sai in ce a Maraɗi, wurin wani sitaj na horar da ma'aikata, don ita ce amsar da ba ta jawo wata tambaya. Gaskiyar magana tun ina ƴar lakwal, makarantar boko, na ga an yi aikin nan daga farko har ƙarshe, a bakin wuta, a ƙauyenmu da ke arewa da Kanan-Bakashe. Kakata Hajo ce malamar, ƙanwata Zali ce ɗalibar, kuma har yau ban huce ba.

Shekarar nan damina ta yi mana ƙarya. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, hatsi ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Kafin sanyi ya shigo rumbunanmu sun zama wurin kwanan kaji, kajin ma ba su daɗe ba. Muka koma cin anza, ƴaƴan wani itacen daji masu ɗaci, waɗanda sai an jiƙa an yi ta sake musu ruwa kafin su ciyu, kuma ko an gama ɗacin yana nan a maƙogwaro. Sojoji ne ke mulki. Rediyon maigari kullum cewa take kowa ya zauna garinsu, taimako yana kan hanya. Babanmu ya saurara har ya gaji, sannan ya ce za mu yi kudu, mu bi ta Tasawa mu sauka Bawdeta inda yake da aboki, in Allah ya buɗe hanya mu tsallaka iyaka. Kaka ta ce ita ba inda za ta, gwiwoyinta ba za su kai ta ko bakin gari ba. Za ta zauna da ƙanen Baba da ƴan awakin da suka rage.

Kaka Hajo mace ce gajera mai kaifin baki, ba ta da haƙoran gaba, amma idan ta kwaikwayi muryar kura sai yaro ya waiwaya bayansa. Da an yi sallar magariba take hura ƴar wuta da ƙirare a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta. A shekarun ƙoshi yaran unguwa kan cika wurin, har a yi ta ture-ture. A shekarar nan gidaje da yawa sun riga sun watse, sai ni da Zali da hayaƙi. Tana da yadda take buɗewa. Sai ta dubi duhu kamar mai hango baƙo, ta ce, "To, ga ta can ta iso, wa za shi ba ta wuri?" Mu kuma mu ce, "Ta zamna mu ji ta."

Akwai wata ɗabi'arta da ke ƙona mini rai. Idan ta ba da tatsuniya yau, gobe ba ta ba da sabuwa sai ƙaramin cikinmu ya maimaita ta jiya. Inda yaron ya yi tuntuɓe ba ta zagi, ba ta ranƙwashi. Sai ta ce, "Ba kai ba ne, ni ce na ɗora mata kaya da yawa," ta sake ba da ita, ta rage nan, ta ƙara can, har sai ta zauna a bakin yaron daidai. Ni da nake lakwal, inda malaminmu, da muke kira mushe, ke faɗi sau ɗaya kuma bulala ta ƙarasa sauran bayanin, gani nake ɓata lokaci ne. In na yi ƙorafi ta ce, "Ke Madam, ruhe muna baki. Kanki ya cika da nasaranci, ba ki da wurin zuba komi."

Da aka tsai da maganar tafiya, sai ta fito da wata tatsuniyar da ban taɓa ji ba. Daga baya na gane a ranar ta ƙirƙire ta, don Zali kaɗai. Zali lokacin ba ta isa shiga lakwal ba, kuma yarinya ce mai bin mutane. Duk wanda ya yi mata murmushi ya zama kawunta, ta taɓa bin wani mai tallan gishiri har bayan gari.

Tatsuniyar ta wata zabuwa ce da fari ya kora daga dajinsu da ƴaƴanta. Suka tsaya bakin rijiya shan ruwa, ƴar autar ta laɓe ƙarƙashin komin dabbobi barci ya kwashe ta. Da ta farka ba kowa. Sai ga dila da zangarniyar hatsi a baki, ya ce ta biyo shi, uwarta ce ta aiko shi. Ta ƙi. Sai ga shirwa ta ce ta hau bayanta su leƙa daga sama. Ta ƙi. Can da yamma sai ga kurciya, ba ta riƙe da komi, ba ta yi alkawarin komi ba, ta zauna nesa kaɗan ta tambaye ta ɗiyar wace ce ita. Ƴar zabuwar ta bi kurciya, ta kwana a gidanta cikin ɗumi, da safe uwar ta dawo tana cigiya aka haɗa su. Kaka ta ƙarasa da cewa, "Mai kirki ba shi gaggawa, kuma shina tambayar sunan uwarki. Shi kaɗai za ki bi."

Na so kurciyar nan. Kaka ta ba ta murya mai sanyi, tana ɗan jan magana, har sai na ji kamar na san matar.

Washegari aka ce Zali ta maimaita. Ta taho daidai har bakin rijiya, sannan ta ce ƴar zabuwa ta bi dila.

"Don mi ta bi shi?" in ji Kaka.

"Ai shina da hatsi."

"To kurciya hwa?"

"Ita ba ta da komi."

Kaka ta yi dariya, ta ce ita ce ta ɗora kaya. Ta sake bayarwa, ta ƙara wa dila jajayen idanu da warin baki. Da aka sake gwadawa Zali ta bar dila ta hau bayan shirwa, wai shirwar ta ce ta san Inna. Kaka ta sa wa kurciya ɗingishi don a gane ta, ta sa mata farin ɗankwali, ta matso da ita farkon labari, ta mai da ita ƙarshe. Duk a banza. Yarinya mai jin yunwa, duk wanda ya zo da abinci shi ne kurciya a wurinta. Ana cikin haka Baba ya sayar da jakarmu da muke hawa a kasuwar Kanan-Bakashe, ya ce ba za mu ga wata kasuwar a gida ba.

A maraicen nan Kaka ta daɗe tana tona wuta da tsinke ba ta buɗe tatsuniya ba. Da ta buɗe, sai ga dila, sai ga shirwa, sai ga wata tsohuwa mai daɗin baki ita ma da mugun nufi, kuma ƴar zabuwa ta ƙi su duka. Ta zauna ƙarƙashin komin dabbobin, duk wanda ya matso ta rera masa:

"Nan aka bar ni, nan za a same ni,
ba ni bin kowa, ba ni cin na kowa."

Uwar ta biyo sawu ta dawo wurin da suka sha ruwa na ƙarshe, ta same ta, labari ya ƙare.

Na ce, "Kaka, ina kurciya?"

"Ta yi ƙaura."

"Ai ita ce mai daɗin labarin."

"Daɗi nike nema? Ƙanwarki ba ta iya riƙe biyu. In na ba ta biyu, ta zubar da duka. Gara in ba ta guda ta riƙe shi gam."

Ba hangen nesa ya sa na yi magana ba, kada wani ya ɗauka haka. Kurciyar nake so kawai, kuma na kwana ina jin haushi.

Sauran maraicen da suka rage mana Kaka ta mai da su wasa. Ta ce wa Zali ga rijiya, ta nuna turmi. Ni ce dila. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani guntun ƙuli-ƙuli da ta ɓoye tun ban san yaushe ba, ta ba ni ta ce in yaudari yarinyar da shi. Nakan zo ina lanƙwasa murya, in ce Inna ce ta aiko ni, in kai mata shi har bakin hanci. Karon farko ta miƙo hannu. Kaka ta karɓe ƙuli-ƙulin ta mayar bakin zane, aka sake daga farko. Ranar da Zali ta dubi ƙuli-ƙulin nan, yawu na zuba a bakinta, ta runtse ido ta rera waƙarta har ƙarshe, Kaka ta tafa hannu ta rungume ta, ta ɓantaro mata kaɗan ta sa mata a baki da hannunta. Daga nan aka riƙa canza dila. Yau ni, gobe Inna ta lulluɓe fuska, jibi matar maƙwabci. Ba wanda ya ƙara ɗaga Zali daga gindin turmi.

Baba ya taɓa tsayawa yana kallo, ya ce, "Iya, kina tsorata yarinyar ga."

Ta ce, "Tsoron nike so ta tahi da shi. Shi ba shi da nauyi, ba a kuma sace shi a hanya."

Muka tashi da asuba, Kaka tana tsaye riƙe da dangar gida. Abin da ta faɗa wa Zali na ƙarshe ba addu'a ba ce, tambaya ce: in kin duba ba ki ga kowa ba, mi za ki yi? Zali ta ba da amsa ba tuntuɓe. Kaka ta ce, "Madalla. Allah shi kiyaye hanya."

Mun iso Tasawa ƙafafu a kumbure. A bayan tasha akwai wani fili da mutanen arewa irinmu suka cika, kowa da tabarmarsa da tukunyarsa, muka raɓa muka sauka don Inna ta huta, tana goye da jariri. Akwai famfo a bayan katangar kasuwa inda mata ke yin layi tun sassafe. Wata safiya Inna ta tafi can da Zali. Ni da Baba muna wurin kaya sai muka ji ƙugin motoci. Kamiyo-kamiyo ne na sojoji suka kewaye filin. Aka ce an ba da umarni a kwashe duk ƴan gudun yunwa daga cikin gari a kai su inda za su yi noman rani. Ba a tambayi kowa ko yana so ba. Aka riƙa tura mutane sama da kayansu, wanda ya tsaya gardama ya sha gindin bindiga.

Inna ta ji ihu daga bakin famfo. Ta ce wa Zali ta zauna nan kusa da bokiti, ta rugo ta ga abin da ya same mu. Tana shigowa filin aka kama hannunta aka jefa ta cikin kamiyon da muke. Ina jin muryarta har yanzu.

"Ɗiyata tana bakin hwamho! Don Allah ku bari in ɗauko ta, ga ta can bayan katanga!"

Sojan da ke riƙe da ƙofar baya yaro ne, gemunsa bai gama fitowa ba. Bai yi mata tsawa ba. Ya ce, "An ce mu kwashe kowa, wata mota za ta kawo ta. An ce kada wanda ya hau ya sauka." Baba ya ɗaga ƙafa zai dira, wani ya sauke masa gindin bindiga a kafaɗa ya faɗo kanmu. Yaron ya ja ƙofa ya sa sakata. Ina leƙe ta tsakanin katako na ga katangar kasuwa tana wucewa, famfon yana bayanta, ban hango shi ba.

Aka kai mu wani kwari can yamma da Mayahi, aka zube mu, aka sa masu gadi. Duk motar da ta iso Inna sai ta ruga tana duba yara ɗaya bayan ɗaya. Baba ya je wurin babban masu gadin ya durƙusa, aka ce a jira, za a bincika. Ya koma, aka ce ai an faɗa masa ya jira. Sai da kafaɗarsa ta ɗan saki ya samu ya sulale, ya koma Tasawa a ƙasa. Abin da ya tarar, shi ya faɗa mana da bakinsa, sau ɗaya, bai ƙara ba.

Akwai wata mai fura da ke zama kusa da famfon, sunanta Mariyama. Ita ta ba shi labari. Ta ce tun ranar farko ta lura da yarinya zaune kusa da bokiti, layi ya watse tana nan, rana ta take tana nan. Ta matsa ta tambaye ta ɗiyar wace ce, yarinyar ta runtse ido ta yi mata waƙa. Ta dama fura ta kai mata, ta ƙi. Ta ajiye ƙwaryar ta koma nesa ko za ta sha in ba a kallonta, ƙudaje suka shanye. Da magariba ta yi, sanyi ya sauko, ta ce bari ta ɗauke ta ta kai gida, yarinyar ta yi ta ihu tana cizo har mutane suka taru, wani ya ce a bar ta, wataƙila uwarta na kusa, kada a ce an sace ɗiyar mutane. Mariyama ta lulluɓa mata zane, ta yar da zanen. Ruwa kaɗai take sha, shi ma sai ta tara hannu da kanta a bakin famfo. Ko an ɗauke ta da ƙarfi an kai wani gida, da an saki hannunta sai a same ta ta koma gindin bokitin.

"Wallahi Malam na yi iya yina," in ji Mariyama. "Ban taɓa ganin yarinya mai riƙe magana haka ba. Sai da ƙarhinta ya ƙare, ba ta iya ture ni, sannan na goya ta zuwa gidan likita. Ko a bayana bakinta na motsi."

Yarinyar da ta yi watanni tana cin anza ba ta da abin da za ta yi jira da shi. Mutanen unguwar ne suka yi mata sutura. Mariyama ta kai Baba ta nuna masa wurin, ta kuma ba shi bokitinmu, ta ce ta adana shi don ta san wani zai zo.

Sai da ruwa ya sauka aka bar mu muka koma gida. Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta ƙirga mu da ido tun daga nesa. Baba ya durƙusa ya faɗa mata. Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta ce, "Ta tsaya inda aka bar ta?"

"Ta tsaya, Iya."

"Ta ci na wani?"

"Ba ta ci ba."

Ta ce, "To, ta riƙe." Ta ja jiki ta shiga ɗaki. Da shekara ta juyo, gari ya sake cika, yaran unguwa suka zo da magariba suna cewa Kaka a ba mu tatsuniya. Ta ce musu ta manta su duka. Ba ta ƙara hura wutar nan ba har ta rasu. Na yi fushi da ita, fushi mai tsanani, kuma ta sani. Ba ta taɓa neman ta kare kanta ba.

Na ci gaba da lakwal don ba abin da ya rage a gida da zan zauna dominsa. Na yi kwaleji a Tasawa, na zama malama, na koyar da yara shekaru. Sojoji suka tafi, suka sake dawowa. A lokacin ne aka zaɓe ni cikin waɗanda za a koya wa tsara darussan manya, na yaƙi da jahilci da na manoma, aka tura mu sitaj Maraɗi. Malaminmu wani dattijo ne mai haƙuri, Mushe Isufu. Ranar farko ya tsaya gaban tabulo, allon aji, ya ce aikin nan ba shi da wani sirri. Ka fara sanin abin da kake so mai koyo ya aikata idan ba ka wurin. Ka cire duk abin da ba ya kai shi can, komin daɗinsa. Ka gwada darasin a kan wanda ya fi kowa rauni. In ya kasa, kada ka zarge shi, ka koma ka gyara darasin. Ka sa shi ya yi da hannunsa, ka canza masa yanayi, har sai ya daina kuskure.

Abokan karatuna suna ta rubutu suna gyaɗa kai. Ni kuwa na nemi izini na fita na tsaya bayan aji. Ba abin da ya faɗa wanda ban gani ba a gindin turmi. Abin da na yi shekaru ina kira taurin kan tsohuwa, ashe shi ne aikin, har da sunayensa na nasara, kuma shi aka kawo ni in koya in ci abinci da shi.

Na koya, na kuma iya. Aikin farko da aka ba ni bayan sitaj darasi ne na ƴan kwamitin ƙauye a kan irin shuka da ake ajiye musu a magaza, wato ɗakin ajiya na hukuma. Abin da ake so su riƙe guda ne: kada a buɗe magaza sai malamin gona ya zo. Dalilin mai kyau ne, don in an buɗe da wuri yunwa kan sa a cinye irin. Na tsara shi tsaf, da hotuna da ɗan wasan kwaikwayo. A ƙarshe na ƙara wani ɗan sashe: in ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙa, malamin gona bai zo ba, kwamiti ya taru gaban maigari a buɗe a raba.

Shugaban biro ɗinmu ya karanta, ya kai wurin, ya ɗago kai. "Madam Rakiya, wa ya ce ki sa wannan?"

"Ranka ya daɗe, in bai zo ba hwa?"

"Zai zo. In bai zo ba, matsalarmu ce, ba tasu ba. Ke kina son mu koya wa talaka ranar da zai ƙi bin umarni? A wannan zamanin? Ki rufa mana asiri."

Na kai ƙara wurin Mushe Isufu, ina tsammanin zai goya mini baya. Ya ce kada mu yi gardama, mu je mu gwada. Muka je wani ƙauye kusa da Maijirgi, muka tara ƴan kwamiti a inuwa, aka ba da darasin yadda na tsara shi, da sashena a ciki. Washegari muka tambaye su yaushe ake buɗe magaza. Wani ya ce in hadari ya haɗu. Wani ya ce in maigari ya ga dama. Wata tsohuwa ta ce ai Madam ta ce in malamin gona ya yi jinkiri a buɗe, kuma shi kullum cikin jinkiri yake. Aka yi dariya, ni ban yi ba. Muka je wani ƙauyen aka ba da shi ba sashen, kowa ya amsa daidai.

A hanyar dawowa Mushe Isufu ya ce, "Kin gani da idonki. Ba ƙarya kike ba, amma a zama guda ba su riƙe biyu. In kina son su san ranar da doka ba ta aiki, sai kin zauna da su kin koma kin sake komawa. Wa zai ba ki wannan lokacin?" Aka cire sashen. Shugaba ya cire shi don tsoro, malamina ya cire shi don ƙwarewa, darasin da ya fita iri ɗaya ne.

A cikin motar nan ne fushina da Kaka ya sauka, ya koma inda ya kamata tun farko. Ita ba ta da lokaci. An sayar da jaka, an sa ranar tafiya, ga yarinya mai bin duk wanda ya yi mata murmushi, ga hanya cike da mutanen da ba a sani ba. Ta auna abin da ta fi tsoro, ta koyar da shi, kuma ta koyar da kyau. Ta shirya Zali don ranar da yaro zai ɓace wa manya. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa manyan ne za a kwashe a bar yaron ba, kuma ban ga laifinta ba, don mai hankali ba ya tsammanin haka daga hukuma. Su kuwa masu biro suna da lokacin, suna da mota da mai da albashi. Ba sa bayarwa ne kawai, don darasi mai ƙa'ida guda ya fi arha, ya fi saurin ƙarewa, kuma mutanen da ya fitar sun fi daɗin mulka.

Na tsufa a aikin nan. Duk darasin da ya biyo ta hannuna ina tambayar masu shi: in wanda aka ce a jira bai zo ba fa? Matasan biro sun san ni da tambayar, har suna kwaikwayona in na juya baya. Wani lokaci ina cin nasara a bar mini zama na biyu da na uku, sau da yawa ba na ci. Har yau ban gano yadda ake koya wa mai jin yunwa, cikin gaggawa, ya bambance mai taimako da mai cuta ba, kuma duk wanda ya ce mini ya gano, ina so in ga inda ya gwada.

Abin da ba na iya jurewa shi ne murnar da ake yi idan an dawo daga gwaji aka ce kowa ya amsa daidai, ba wanda ya kauce. Sai a kawo lemo, a yi ta tafi. Ni nakan tashi in ba su wuri. Na san yadda darasin da ya shiga sosai yake ƙarewa. A safiyar nan a Tasawa yara biyu ne suka yi daidai abin da aka koya musu, ba su ƙara ba, ba su rage ba: ƙanwata a bakin famfo, da sojan da ya sa wa kamiyo sakata. Shi ya koma gida wurin uwarsa.